Tambayoyi da amsoshi: wace na'urar GPS ta hannu ce za ta ɗauki taswirar ƙasarmu?

Wannan shafi na masu aikin daji ne a jihar Tawa: ma'aikatan Cofo, wato hukumar kula da filayen karkara, da ke shata burtali, masu farfaɗo da fako a duwatsun Keita da Buza, masu bin rijiyoyin makiyaya a Azawak, da ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani da aikin bincike ya kai su karkara. Kusan duk wanda zai sayi na'ura tambayarsa ta farko ita ce giga nawa ne a cikinta. Tambayar tana da amfani, amma akwai biyu da ya kamata su riga ta: shin na'urar tana da gurbin katin memori, kuma wace taswira ce za ka zuba mata?

Malam, ina da waya mai GPS. Me zai sa in kashe kuɗi a kan wata na'ura daban?

Idan aikinka na yini guda ne a bakin gari, wayarka ta ishe ka. Manhajoji irin su OsmAnd da QField suna aiki ba tare da rezo ba muddin ka sauke taswirar tun kana gida. Matsalar tana farawa ne idan tafiya ta yi nisa. A zafin Afrilu da Mayu waya tana ɗaukar zafi har ta rage haskenta ko ta kashe kanta, cajinta ba ya kai ka la'asar idan GPS na kunne, kuma gilashinta ba ya karantuwa da tsakar rana. Na'urar hannu an ƙera ta ne don irin wannan wahala. Gilashinta yana ƙara fitowa a cikin rana, maɓallanta suna dannuwa ko hannunka da ƙasa, kuma yawancinsu suna da shaidar IPX7, wato suna jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Ni dai shawarata ga mai kwana a daji ita ce ya riƙe duka biyun: waya don hotuna da cike takardun bincike, na'ura don hanya da alamomi.

Tana buƙatar rezo ko katin waya kafin ta nuna inda nake?

A'a. Saurare kawai take yi. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda Amurka ke da su, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 suna aiko da saƙon lokaci, ita kuma na'urar tana lissafa wurinta daga saƙon taurari huɗu ko fiye. Rasha tana da nata tsarin mai suna GLONASS, Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou, kuma na'urorin yanzu suna haɗa biyu ko fiye. Ba a biyan ko dala. Amma fa taurarin lambobi kawai suke ba ka. Taswirar da za ta gaya maka cewa akwai ƙorama a gabanka dole ta kasance a cikin na'urar tun kafin ka fita, kuma nan ne maganar memori ta shigo.

To giga nawa ne zai ishe ni?

Amsar ta dogara da irin taswirar, domin iri biyu ne kuma cinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai taswirar zane. A cikinta hanya layi ce, rijiya ɗigo ce, tabki zagaye ne, duka an ajiye su a matsayin lambobi, na'urar ce ke zana su duk lokacin da ka buɗe. Wannan ba ta da nauyi. Taswirar OpenStreetMap ta Nijar baki ɗaya, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, ba ta kai giga ɗaya ba ko da an ɗora mata layukan tudu da gangara. Dalili a fili yake: garuruwanmu ba su da cunkoson tituna irin na Faransa ko Jamus, kuma fiye da rabin ƙasar hamada ce. Saboda haka tsohuwar na'urar Garmin eTrex 20 mai giga 1.7 ma za ta ɗauke ta.

Sai taswirar hoto, wato takardar taswira da aka ɗauka da na'urar sikana, ko hoton ƙasa daga tauraron ɗan'adam. Wannan kowane ɗigon launi sai an ajiye shi, ko da fili ne fetal babu komai a cikinsa. Hoton sama mai kaifin da za ka iya ƙirga itatuwan gawo a gona yana cinye giga cikin sauri, kuma da zarar ka ninka kaifin sau biyu, nauyin ya ninka sau huɗu.

Ga yadda nake kasa abin. Mai taswirar zane kaɗai, giga 4 sun yi masa yawa. Mai son ƙara takardun taswira na yankin aikinsa, giga 8 da kati. Mai son hotunan sama na karkara da yawa, ya nemi giga 16 ya ƙara da kati mai giga 32. A duka ukun, abin da ba na yarda a sassauta a kansa shi ne gurbin kati.

An rubuta giga 8 a kwali, amma da na haɗa da kwamfuta sai na ga saura kaɗan. An cuce ni ne?

Ba lallai ba ne. Na'urorin Garmin na yanzu, irin su eTrex 22x da 32x da suka fito a 2019, suna zuwa da taswirar TopoActive a ciki, kuma taswirar ta yankin da aka yi niyyar sayar da na'urar ce. Wadda aka shigo da ita daga Faransa za ta zo da Turai, wadda ta fito daga Amurka za ta zo da Amurka. Ita ce ta mamaye mafi yawan wurin, kuma ba ta da wani amfani a Tabalak. Akwai TopoActive ta Afirka, don haka tun kafin a yi ciniki ka tambayi wace ce a ciki.

Idan ka riga ka saya, kada ka yi gaggawar goge komai. Fara da kwafe duk abin da ke cikin na'urar zuwa kwamfuta. Mafi sauƙi ma, ka bar memorin ciki yadda yake, ka sa taswirarka a kati, sannan ka shiga saitin taswira ka kashe ta Turan ka kunna taka.

Waɗanne ne ba sa ɗaukar taswira sam?

Wannan tambayar ta fi kowace ceton kuɗi. eTrex 10, mai launin ɗorawa da gilashi baƙi da fari, ba ta da gurbin kati, kuma memorinta ƴan mega ne. eTrex SE ta 2023 ma haka take: tana kama taurari da kyau, pil biyu suna kai ta har awa 168, amma ba a yi ta don taswira ba. Duka biyun suna da kyau ga wanda aikinsa ɗaukar lambobin rijiya ko auna gona ne kawai. Wanda yake son ganin tudu da kwari a gilashi ya wuce su, komai arharsu.

Masu ɗauka kuwa, ga waɗanda aka fi gani: eTrex 20 da 30 masu giga 1.7, eTrex 20x da 30x masu giga 3.7; eTrex 22x da 32x masu giga 8; GPSMAP 64 mai giga 4, da wasu ƴan'uwanta masu 8; GPSMAP 65 da 67 masu giga 16. Dukansu suna karɓar katin microSD. Bambancin 22x da 32x ba a memori yake ba: ta biyun tana da kamfas na lantarki da ma'aunin tsayi mai aiki da nauyin iska.

Wane kati zan saya, kuma yaya ake zuba taswirar?

MicroSD wanda bai wuce giga 32 ba, an share shi da tsarin FAT32. Manyan katunan giga 64 da 128 suna zuwa da wani tsari daban wanda yawancin waɗannan na'urori ba sa karantawa. Shi FAT32 yana da doka guda da ya kamata ka sani: fayil ɗaya ba ya wuce giga 4, don haka babbar taswira sai an raba ta.

A cikin katin ka buɗe folda mai suna Garmin, ka sa fayil ɗin taswirar, wanda sunansa ke ƙarewa da .img, a cikinta. Tsofaffin na'urori irin su GPSMAP 60CSx suna karanta fayil guda ne kawai mai suna gmapsupp.img. Na baya-bayan nan suna karɓar da yawa, kowane da sunansa, abin da ke ba ka damar raba taswirar hanyoyi da ta layukan tudu ka kunna wadda kake so.

Abu biyu game da katin kansa. Na jabu sun yi yawa a kasuwa, a rubuta 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Yana karɓar fayil kamar gaske, sai ka isa daji ka tarar taswirar ba ta buɗuwa. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin ta sake karantawa, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Na biyu, a eTrex da GPSMAP masu pil, gurbin katin yana ƙarƙashin pil ne, da ɗan murfin ƙarfe mai zamewa. Idan taswira ta ɓace bayan ka canza pil, can za ka fara dubawa.

Ina da tsofaffin takardun taswira na ofishinmu. Za su shiga?

Za su shiga, kuma sun cancanci wahalar. Takardun ma'aunin 1:200,000, waɗanda hukumar taswira ta Faransa ta zana mafi yawansu tun shekarun 1950 da 1960, kuma ake nema a hukumar taswira ta ƙasarmu, IGNN, da ke Yamai, suna ɗauke da sunayen rijiyoyi, tabkuna da duwatsu da har yau ba su shiga taswirar intanet ba. Hanyoyi sun canza, ƙauyuka sun ƙaru, amma dutse yana nan inda yake.

Ana ɗaukar hoton takardar, a daidaita kusurwoyinta da lambobin ƙasa a manhajar QGIS, a yanka ta ƙanana a fitar da ita a fayil na KMZ, a sa a folda mai suna CustomMaps cikin foldar Garmin. A nan ne mutane da yawa ke mamaki, domin abin da ke tsayar da su ba giga ba ne, yawan yanka ne. Kowane yanki bai kamata ya wuce ɗigo 1024 a tsaye da 1024 a kwance ba, kuma eTrex 20 da 30 suna nuna yanka 100 ne kawai gaba ɗaya, yayin da GPSMAP 64 ke kai 500. Mu yi lissafi. Takarda guda tana rufe digiri ɗaya, kusan kilomita 111 daga kudu zuwa arewa, wato kimanin santimita 55 a takarda. Idan aka ɗauke ta da kaifin ɗigo 200 a kowane inci, gefenta zai kai ɗigo 4,300 da ɗoriya, yanka biyar kenan a kowane gefe, 25 a jimilla. Ka ga mai iyakar 100 takarda huɗu zai ɗauka a lokaci guda, mai 500 kuma ashirin, alhali nauyinsu duka bai taka kara ya karya ba. Ga wanda aikinsa bai wuce Keita da Buza ba, huɗu sun isa. Ga mai bin makiyaya daga Ƙonni har Tasara, wannan lissafin kaɗai ya isa dalilin ƙara kuɗi a sayi babbar.

Kada kuma a manta da ma'aunin duniya da aka zana takardar a kansa. GPS tana aiki da WGS 84, tsofaffin takardun kuwa da Clarke 1880 aka yi su, an rubuta a gefen takardar. Idan ba a gaya wa QGIS haka ba, komai zai goce, kuma gocewar tana iya haura mita 100. A kan iyakar gona da burtali, mita 100 rigima ce.

Su layukan tudu da gangara daga ina suke fitowa, kuma zan iya dogara da su wajen jera ramukan rabin wata na tare ruwa?

Mafi yawan na kyauta daga awon SRTM suke, wanda kumbon Endeavour ya yi da radar cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000. Da farko an saki na Afirka da tazarar mita 90, sai a 2014 aka saki mai tazarar mita 30. Yana nuna siffar Adar da kyau: faffaɗan saman dutse, gangaren da ke sauka kwarin Keita, da kuma inda ruwa ke taruwa ya bi Magiya. Da shi za ka san ta ina mota za ta hau, ka san faɗin ƙasar da ke zuba ruwa a ƙorama guda.

Amma jera rabin wata, tassa ko katangar duwatsu aiki ne na santimita, layukan kuwa tazarar mita 10 ko 20 ce tsakaninsu. Tsayin da na'urar ke nunawa ma kuskurensa ya fi na kwance yawa, kuma ma'aunin iska na 32x yana motsi idan hadari ya taso. Wannan aikin na tiyon ruwa ne da sanduna biyu, kamar yadda ake yi tun zamanin aikin Keita da aka fara a 1984. Na ga wurin da aka bi lambar gilashi aka jera duwatsu, ruwan farko ya bi ta gefe guda ya buɗe sabon kwazazzabo. Abin ya dame ni, domin gumin matan ƙauyen ne ya tafi a banza.

Lambobin da na ɗauka a Abalak ba su hau kan na Tawa ba. Na'urar ta lalace?

Lafiyarta lau. Tsarin UTM, wanda ke ba da lambobin wuri da mita, ya raba duniya gida-gida, kowane gida digiri 6, kuma layin digiri 6 na gabas ya ratsa gabashin jiharmu. Tawa, Ƙonni da Illela suna gida na 31, tare da Yamai. Abalak tana gida na 32. Kowane gida daga kansa yake fara ƙidaya, don haka duk lokacin da ka rubuta lamba ka rubuta gidanta a gaba. Idan ƙungiya ce ke aiki tare, ku yi shawara kan tsari guda tun ranar farko, kowa ya saita tasa haka.

Alamomi da sawun tafiyata fa, ba za su cika memorin ba?

Ba za su cika ba. Sawu mai ɗigo 10,000 a fayil na GPX mega ɗaya ne da ɗan wani abu. Iyakar a nan ma ta ƙidaya ce: eTrex 22x tana riƙe alama 2,000, GPSMAP 65 tana riƙe 5,000, GPSMAP 67 kuma 10,000. Ma'aikacin Cofo da ke ɗaukar kowane turken burtali zai iya cika 2,000 a rani guda. Ka riƙa saukewa a kwamfuta duk ƙarshen mako, da BaseCamp ko QGIS, duka kyauta ne, ka ajiye kwafi a wuri na biyu. Kuma ka ba alamomi sunan da wani zai gane bayan ka bar aikin. 047 ba ta gaya wa kowa komai.

Mai pil ko mai caji?

A wajenmu, mai pil. eTrex 22x tana kai awa 25 da pil biyu na AA, GPSMAP 65 kuma awa 16, kuma pil ana samunsa a kowace kasuwar ƙauye. Sai dai masu arhar nan na rediyo ba sa jimawa. Nemi alkalin, ko masu caji na NiMH, sannan ka gaya wa na'urar irin wanda ka sa a cikin saiti don ma'aunin ya faɗi gaskiya. GPSMAP 67 batirinta a ciki yake, yana kai awa 180, abin yabo ne ƙwarai. Tunanina kawai shi ne ranar da batirin ya tsufa, ba a Cintabaraden za a canza shi ba. Wanda ke da faifan sola a mota, wannan ba zai dame shi ba.

Kada a bar ta a gaban mota a rana, kuma a cire pil idan za a ajiye ta wata da watanni, don kada ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen.

Zan iya auna gona da ita a rubuta a takardar shaida?

Tana lissafa faɗi idan ka zagaya iyaka da ita. A fili mai buɗaɗɗen sama kuskurenta mita 3 zuwa 5 ne. A makiyaya mai eka ɗari wannan ba komai ba ne. A ƙaramin lambun albasa kuwa babba ne: fili mai mita 50 kowane gefe murabba'in mita 2,500 ne, idan kowane gefe ya ƙaru da mita 3 ya zama 2,809, ƙarin ya haura kashi 12 cikin ɗari. Don haka ƙananan filaye a haɗa da igiyar awo, kuma duk abin da zai shiga takardar mallaka ya bi ta hannun Cofo da shaidun maƙwabta, kamar yadda tsarin dokar karkara ta 1993 ya shimfiɗa. GPSMAP 65 da 67 suna sauraren zango biyu na saƙon taurari, abin da ke rage kuskure a gindin dutse da cikin kwari, amma ba su maye gurbin kayan masu safiyo ba.

Akwai matsala idan jami'an tsaro suka gan ni da ita?

Halin da ake ciki ya sa dole a yi hattara. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan Tiliya da Tasara, kuma baƙo mai ɗaukar lambobi yana jawo tambaya ko'ina. Ka riƙe takardar izinin aiki daga ofishinka, ka fara da gaida magajin gari da hakimi ka faɗa musu abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan gari ya raka ka. Kada ka ɗauki alama kusa da barikin soja ko shingen bincike. Na'urori masu aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin masu inReach, wani babi ne daban: ka tambayi hukuma kafin ka shigo da su.

Zan sayi ta hannu a Yamai. Me zan duba kafin in biya?

Je da pil ɗinka sababbi da katinka wanda ka riga ka zuba wa taswirar Nijar. Buɗe bayanta ka duba ƙarfen pil ko ya yi tsatsa ko fari-fari, ka duba robar da ke zagaye murfin, domin ita ke hana ƙura da ruwa. Sa katin, kunna, ka shiga jerin taswira ka ga sunan taka ya fito. Ka nemi izinin mai shago ku fita waje tare. Idan ta daɗe a ajiye za ta iya ɗaukar mintuna kafin ta kama taurari, amma ta kama, kuma ta nuna ka a kan titin da kake tsaye. Matsa taswirar zuwa Tawa, ka kusanto da ita har ka ga layukan tudu a gabashin gari, don wata taswirar hanyoyi ce kawai a cikinta. Danna kowane maɓalli, musamman ɗan sandan eTrex da robar gefenta, su ne ke fara mutuwa. A ƙarshe ka haɗa ta da kwamfuta ka tabbata tana buɗewa, kuma ka karɓi igiyarta a cikin cinikin: eTrex 22x da GPSMAP 64 da 65 suna amfani da tsohon bakin mini-USB, wanda ya fara wuya a shagunan waya.